Masu neman karatun rawa a Amurka su yi hattara da alkawarin Nuwamba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyayen da 'ya'yansu ke shirin karatun rawa a jami'o'in Amurka, game da tsarin nema da wuri da ake rufewa ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito a tsakiyar Disamba. Tsarin iri biyu ne. A ɗaya, ɗalibi da ɗaya daga cikin iyayensa da mai ba da shawara na makarantarsu suna sa hannu cewa idan aka ɗauke shi zai janye takardun da ya tura wa sauran makarantu. A ɗayan kuma ana ba shi amsa da wuri, a bar shi ya yi nazari har 1 ga Mayu. Na farkon ne yake damuna.

Mai neman karatun lissafi takardunsa ne suke magana a madadinsa. Mai rawa kuwa sai ya tsaya gaban malamai da lamba liƙe a ƙirjinsa, ya bi darasin bale, wato wata daɗaɗɗiyar rawar Turawa, da na rawar zamani, sannan ya nuna gajeriyar rawarsa shi kaɗai, kuma galibin wannan gwaji yana faɗowa ne tsakanin Janairu da Maris. Juilliard ma, makarantar koyar da rawa da kiɗa da ke New York, sai farkon Disamba take rufe karɓar takardu, gwajin ya biyo baya.

Bara 'yata ta dage sai ta sa hannu wa wata makaranta da ba ta taɓa taka dandamalinta ba, bidiyo kawai ta gani. A Oktoba ta yi targaɗe, na zauna ina kallonta tana ɗora ƙanƙara a idon sawu tana kuka, domin ta san rawar da za ta nuna a lokacin ba ita ce iyawarta ba. Dole muka haƙura. Da ta je gwajin Fabrairu ƙafa ta warke, darasi ɗaya ya ishe ta gane cewa salon malaman wurin bai dace da jikinta ba.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ya fi hana ni barci: wanda ya ɗaure kansa ba shi da damar jera tayin tallafin makarantu ya kwatanta, ko da yake ana sakinsa idan tallafin ya gaza. Mu tayi uku muka baje a tebur a watan Afrilu kafin ta zaɓa.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku