Wata shida kafin kayan asibiti su yanke

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na lafiya na ranar Talata har ƙarshe, kuma raina a ɓace na kashe rediyo. Baƙonku ya ce yankewar kayan asibiti abu ne da ke faruwa a ko'ina, mai gabatarwa ya ce Allah ya kyauta, aka tsallaka zuwa hawan jini. Shi ke nan an gama?

Mahaifiyata tana wankin ƙoda sau biyu a mako. Wata Litinin muka yi sammako daga ƙauye, kuɗin mota ma sai da na ranto, muna isa aka ce babu robobin da jini ke bi zuwa inji. Injin lafiyarsa ƙalau, ga wuta, ga ma'aikata. Roba ce kawai babu! Ma'aikaciyar jinya ta ce su ma da safen nan suka ji, dillali ya ce kamfani ne bai turo ba. Kwana tara Inna ta yi ba a yi mata wankin ba. Ƙafafu suka kumbura, kwanciya ta gagara, a zaune take kwana tana haki, mu kuma muna kewaye da ita ba abin da za mu iya. Da an faɗa mana ko da mako biyu kafin nan, wallahi da na nema mata gurbi a wani asibitin, ko gona ce in jinginar.

Kamfanin da ke ƙera kayan ya san ranar da zai tsayar da aiki. Don haka ne a Tarayyar Turai, tun 10 ga Janairun 2025, doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukuma da dillalai da asibitocin da yake kai wa kaya, aƙalla wata shida kafin yankewar, muddin rashin kayan zai iya jefa majinyata cikin haɗari. Amurka ta yi tata a 2020, lokacin korona, sai dai tilas ɗin ya tsaya ga lokacin dokar ta-ɓaci ta lafiya, ita kuwa ta korona ta ƙare a 11 ga Mayun 2023. A Maris ɗin 2025 hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, FDA, ta fito ta sanar da ƙarancin waɗannan robobi na wankin ƙoda, domin asibitoci su shirya. Mu da yawancin kayan nan daga waje ake shigo mana da su, a bakin ƙofar ɗakin wanki muke jin labari.

Ko ɗaya daga cikin wannan baƙonku bai taɓo ba, ku ma ba ku tambaye shi ba. NAFDAC ce ke yi wa kayan asibiti rajista a ƙasar nan. Ku gayyato jami'inta, ku haɗa shi da ɗan majalisa, ku tambaye su ƙarara: mai shigo da kaya da ya san za su yanke, wa ya wajaba ya faɗa wa, kuma kwana nawa kafin nan?

Sannan layin wayar da kuke bayarwa, sau bakwai na kira ranar, bai shiga ba. Amma kullum muryoyi uku ko huɗu muke ji suna miƙa gaisuwa ga abokansu. Ku gyara.

Wassalam.
Mai sauraronku daga ƙaramar hukumar Gaya.