Rahoton Ayyukan Shekara: Tsofaffin Gine-ginen Tsakiyar Jos

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da 'yan'uwa membobi.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne zagayen tattara bayanan tsofaffin gine-gine, tun daga Gangare da Dilimi, ta titin Masallacin Juma'a, har Terminus. Mun ɗauki hotuna, mun auna, mun zauna da masu gidajen sun ba mu tarihinsu da bakinsu. Akasarin gine-ginen nan albarkacin kuza ne. Da ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru a 1914, layin Kafanchan kuma ya iso a 1927, sai kamfanonin Turawa suka kafa kantuna masu baranda da rufin kwano, kakanninmu kuma suka tayar da gidajen ƙasa masu zaure. Abin da ya fi sosa mana rai: wasu gidajen da muka ɗauka kafin damina, yau babu su. An rushe, an jera shagunan bulo.

Mun kuma kai matasanmu gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi. A sashen gine-ginen gargajiya suka ga kwatankwacin ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya, masallacin da shahararren magini Babban Gwani ya gina. Wani dattijon magini da muka gayyato ya nuna musu yadda ake jera azara, a tanƙwara bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe ɗaki, har ya ɗauki rufi ba ƙarfe ko ɗaya, da yadda makuba, wato shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa, ke kare bango daga ruwa. Ya ja kunnenmu sosai kan shafa siminti a bangon ƙasa, domin danshi yake riƙewa har bangon ya zube ta ciki, balle a gari mai yawan ruwa irin namu. Wannan gargaɗi muke roƙo kowa ya kai gida.

Kuɗin shiga dai daga gudummawar wata-wata ne, ma'aji zai karanta lissafi a taro.

A baɗi, in Allah ya kai mu, za mu fara da kewayen babbar kasuwar Terminus da gobara ta cinye a 2002. Duk mai tsohon hoton wurin, ko takardar gidan gado, don Allah ya kawo wa sakatare a kwafa a mayar masa.