Amsa ga ɗana da ya tambaye ni zancen libarba mai jan ɗigo

Assalamu alaikum ɗana. Ran Lahadi ka bugo waya gidan rediyo ka ce a tambayi Baba tsohon ɗan sanda, wai gaskiya ne in anka sa ma libarba lesa, jan ɗigon nan da kuke gani a fim, mutum ba ya ɓarar da harsashi? Lokaci ya ƙare ban amsa maka ba, abin ya tsaya min a rai shi ya sa na rubuto daga nan Gusau.

Ba gaskiya ba ne. Lesa ba ta ƙara ma bindiga komi, iyakarta ta nuna maka inda bakin ke kallo. Ba sabon abu ba ne ma, tun 1979 wani kamfani a Amurka ya ɗora ta kan libarba ƙirar Colt Trooper, yanzu kuma kamfanoni irin su Crimson Trace cikin mariƙin bindigar suke saka ta, da ka damƙe sai ta kama.

Inda gizo ke saƙar shi ne kunama. Libarba in ba ka ɗana ta ba kunamarta tauri gare ta, kusan kilo 5 yatsa ɗaya zai jawo, alhali ita kanta bindigar wata ko kilo 1 ba ta kai ba, to ya hannu ba zai motsa ba? Sau ɗaya na gwada a filin koyon harbi, wallahi ina ganin hannuna a tsaye yake cak amma ɗigon sai rawa yake bisa allo kamar ƙuda kan kwanon fura, ina jawo kunama ya zube ƙasa ta hagu, harsashin ma can ya bi shi. Amfaninta na gaskiya kenan, tana tona ma hannu asiri mutum ya gyara, tana kuma taimakon irinmu da ido ya fara gajiya, musamman da magariba.

Amma da rana tsaka, irin ranar Gusau ta watan Maris, taku kaɗan jan ɗigon ya ɓace. Koren ɗigo ya fi fitowa sai dai shan batir. Da dare kuma in akwai hazo ko ƙura hasken layi yake ja tun daga hannunka, ka nuna ma wancan inda kake. Sannan haske miƙewa yake sak, harsashi kuwa yana tafiya yana sauka, a nisan da anka saita su kawai suke haɗuwa daidai.

Ɗana na ji muryarka, na ji ka ce an shigo ƙauyenku sau biyu bana, na san ba fim ne ya sa ka tambaya ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin waɗanda anka haramta, lasisinta sai shugaban ƙasa, ko a 2022 da gwamna Matawalle ya ce mutane su nemi bindiga 'yan sanda cewa sunka yi ba a ba da lasisi. Kuma ɗigon nan in ya sauka kan ƙirjin mutum cikin duhu ba zai gaya maka ɗan bindiga ne ko ƙanenka ne ya dawo daga gona ba, wannan shi ke hana ni barci. Don Allah kafin ka kai kuɗinka ga mai sayarwa a ɓoye, je ka samu mai garinku ku zauna da Askarawan Zamfara na yankinku, jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa. Ran Lahadi ina nan cikin shirin, ka sake bugowa in ji yadda kunka yi.