Godiya ga Ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da ke Serti

Zuwa ga Shugaban Gandun Dajin Gashaka-Gumti da ma'aikatansa baki ɗaya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto ne daga Kano a madadin 'yan uwana da muka je hawan dutsen Chappal Waddi a hunturun da ya wuce. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a, domin mu Kanawa mun iya kai ƙarar ma'aikacin gwamnati gidan rediyo in ya ɓata mana, amma in ya kyauta sai mu ja bakinmu mu yi shiru.

Da wuya ka samu wanda ya san sunan dutsen nan a Kano, alhali shi ne mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, can jihar Taraba a kan iyakarmu da Kamaru. Mu da garinmu bai kai mita 500 daga saman teku ba, mun yi ta motsa jiki da asuba a Dala da Goron Dutse, muka sayo rigunan sanyi a Ƙofar Wambai, muka ce ai mun shirya.

Jami'inku da muka fara kira a waya bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce kada mu kuskura mu zo da damina, koguna kan cika, hanya ta yi santsi. Mu bari sai tsakanin Disamba da Maris. Ya tambayi shekarun kowa, da ko akwai mai hawan jini ko asma. Ya kuma hana mu zuwa da sabon takalmi, wai wanda ƙafa ta saba da shi ya fi.

Hanya doguwa ce: Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti. A ofis aka karɓi kuɗin shiga aka miƙo rasit, babu wanda ya ce a ba shi na goro. Daga Mayo Selbe muka hau tsaunin Mambila zuwa Nguroje, daga nan sai acaɓa har inda hanyar ƙafa ta soma.

Babbar godiyarmu tana ga jami'in dajin da kuka haɗa mu da shi. A cikinmu akwai dattijo, Alhaji ne ɗan kasuwar Kwari, da kuma samari masu jin ƙarfi. Tun a hawan farko samarin suka yi gaba abinsu. Jami'in nan ya tsayar da su cikin ladabi, ya juya ya ce, "Baba Alhaji, kai za ka shige gaba, mu 'ya'yanka muna biye." Haka aka yi tafiyar har ƙarshe, da takun mai rauni a cikinmu. Samarin sun yi ta gunaguni, har sai da su ma numfashi ya fara yi musu wuya. A nan ya yi mana bayani cewa iskar ƙololuwar ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka mai gaggawa shi ke fara jin ciwon kai da jiri. Sanyi kuma, duk mita dubu da ka hau zafi kan ragu da kamar digiri 6. Daren da muka kwana a tanti can sama, alwalar asuba sai da aka ɗumama ruwa.

Ba hanya kaɗai ya sani ba, ya san mutane. Duk rugar da muka ratsa sai ya tsaya ya gaisa da Fulatanci, ya nemi izini kafin mu yada zango, har muka samu kindirmo. 'Yan dakon da suka ɗauki kayanmu, a gabanmu aka yi ciniki, a hannunsu aka sa kuɗinsu. Ledar biskit ɗaya bai bari mun yar ba. Ya ce ƙoramun nan su ke gangarawa kogin Taraba, su faɗa Binuwai, mutane ne ke sha a ƙasa. Da wani ya matsa a nuna masa cimfanzi, wato manyan birai masu kama da mutum, tunda dajin ya yi suna da su, sai ya ce suna cikin kurmi, ba a wannan hanya ba, kuma shi ba ya alkawarin dabbar daji.

A ƙololuwa hazo ya rufe rabin abin da muka so gani. Ciyawa ce da iska mai kaɗawa, ga tsaunukan Kamaru a ɗaya gefen. Alhaji ne ya fara taka wurin.

Roƙo ɗaya muke da shi, ranka ya daɗe. Gandun nan tun 1991 aka kafa shi, shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000, amma ɗalibanmu sun fi sanin Yankari. In da hali, a buga 'yar takardar bayani da Hausa, mu za mu raba ta a makarantun Kano.

Allah ya saka da alheri, ya tsare ma'aikatanku a cikin daji.

Naku,
Malamin makaranta daga Gwammaja, Kano