Sunayen da ke ƙasa a Seventh Avenue

Assalamu alaikum mutumina,

Ya shago, ya yaran aiki, ya jikin Hajiya? Da fatan an samu sauƙi. Ka gaishe min da amarya da yara, ka ce musu saƙonsu na nan tafe in Allah ya yarda.

Ka tambaye ni hoton nan da na turo maka a WhatsApp, ka ce wai murfin kwata ne ko me. Wallahi ba laifinka, ni ma ranar da na fara gani haka na ɗauka. Tsohon hoto ne na ci karo da shi a waya, tun farkon zuwana New York na ɗauke shi, lokacin ina ɗan aikin kai kaya a unguwar masu ɗinki ta Manhattan, su suna ce mata Garment District. Daga Bronx jirgi mai lamba 2 nake hawa in sauka Times Square sai in gangara a ƙafa ta Seventh Avenue, titin da tun 1972 suka ƙara masa suna Fashion Avenue saboda sana'ar da ta cika shi.

To a gefen titin nan inda mutane ke tafiya, tsakanin layi na 35 da na 41, a lokacin akwai wasu faranta na tagulla da aka dasa a cikin daɓen, kowane faɗinsa zai kai ƙafa biyu da rabi. Kowane faranti da sunan mai zana kaya ɗaya, da zanen riga irin wanda yake yi da hannunsa, da sa hannunsa, sai ɗan bayani. A shekarar 2000 aka fara da mutum 8, aka yi ta ƙarawa har suka kusa 30. Ni dai ranar tsayawa na yi cak da kwali a kafaɗa, mutane na ta kauce min, don sunan da ke gaban takalmina Ralph Lauren ne. Eh shi, mai dokin nan na ƙirjin Polo da muke tonowa a dilar gwanjo a Ƙofar Wambai muna murna. Ashe a Bronx aka haife shi, inda nake kwana yanzu, kuma da sayar da nektai ya fara a 1967. Calvin Klein ma ɗan Bronx ne, shi ma da farantinsa.

Amma wanda ya fi zauna min a rai Stephen Burrows ne, baƙin mutum. Ka san yadda in ka ja yadi mai roba a keke bakin ke tattarewa ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, abin da marigayi Oga zai ce warware ka sake? To shi wannan ya mayar da abin ado, da gangan yake yi da ɗinkin zigzag, har aka san shi da shi. Yana cikin Amurkawa 5 da suka je fadar Versailles a Faransa a 1973 suka kara da manyan masu zanen Faransa, kuma tun daga ranar aka daina yi wa ɗinkin Amurka kallon raini. Akwai kuma Willi Smith, shi ma baƙi, wanda ya dage a kan kayan da talaka zai iya saya, ya rasu a 1987 yana da shekara 39 kacal.

Abin da ya sa ma na zauna rubuta maka wannan doguwar wasiƙa maimakon voice shi ne wani mutum-mutumi da ke nan kusa da layi na 39. Wani dattijo ne zaune a kan keken ɗinki, da ƴar hular Yahudawa a kansa, ya sunkuya yana tura yadi ƙarƙashin allura. Wata mata Judith Weller ce ta ƙera shi a 1984, kamannin mahaifinta ta ɗauka, shi ma tela ne a unguwar. Ba sunansa aka sa wa abin ba, ma'aikacin ɗinki kawai ake kiransa. Mutumina in ka ga yadda kafaɗarsa ta ranƙwafa sai ka ce Oga ne a daren sallah, lokacin da NEPA ta ɗauke muna haska masa tocila yana ƙarasa wuyan riga. Sai da na share hawaye wallahi. Dubban mutane ne suka ƙare ganinsu da bayansu a benayen nan, Yahudawa da ƴan Italiya, daga baya ƴan Sin da ƴan Latin Amurka, har gobarar masana'antar Triangle ta 1911 ta cinye mutum 146 a can ƙasan gari, yawancinsu ƴan mata, saboda an kulle musu ƙofa. Duk su ɗin nan dattijo ɗaya ne ke zaune a madadinsu.

Ban ce masu faranti ba su cancanta ba, sun yi aiki, zane ba wasa ba ne. Amma Oga ya yi shekara nawa yana yanka babbar riga ba tare da ya sake awo ba, alhazai na shiga taro da ita ana yabawa, yau ko a cikin wuyan riga ɗaya babu sunansa. Kai ma haka kake yi, na sani. Don Allah ka sa a buga maka ɗan lakabi na ƙyalle da sunan shago ka riƙa maƙalawa a cikin kowane ɗinki, kuma in son samu ne sunan Oga za ka sa wa shagon. Kuɗin bugun farko ni zan turo, ka dai tambayo min nawa ne guda 500.

Sanyi ya fara shigowa nan. Shaddar da na ce ka ajiye min kar ka yanka tukuna, na ɗan ƙara jiki, zan auna in turo maka sabon awo ranar Juma'a.

Naka har kullum,
abokin zamanka a kan benci