Rahoton Sakatare na Shekarar 2025 ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan uwa masu sana'ar hoto da bidiyo na nan Birnin Kebbi da kewaye, Allah Ya kawo mu ƙarshen wata shekara lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin iyalan membobi, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Rahoton nan ya makara da mako uku, kuma gara ku ji dalili daga bakina kafin a fara raɗe-raɗi. Ma'aji ba zai rufe littafi ba alhali rabin shafukansa fanko ne, ni kuma ba zan rubuta abin da littafi bai nuna ba. Na yi ta jira ko wasu za su kawo abin da ake bin su, har na gaji na rubuta haka.

Taron wata-wata an yi tara cikin goma sha biyu, an ɗage na azumi da na sallolin nan biyu.

Mutum 42 ne a rajista. Kuɗin wata Naira 1,000 ne, kamar yadda ku da kanku kuka amince, ba a ƙara ko kwabo ba duk da tsadar da ake ciki. Waɗanda suka biya na shekara cif mutum 11 ne. Wasu 14 sun biya rabi-rabi, sauran kuwa tun watan Janairu ba mu ga ko Naira ɗaya daga gare su ba. Ni ba albashi ake ba ni ba, 'yan uwa. Da mashin ɗina da man da na saya da kuɗina nake bin shagunanku, wani ya ce in dawo bayan la'asar, in na dawo yaron shago ya ce oga ya tafi ɗaukar biki. Wanda ke ɗaukar biki duk Asabar bai rasa dubu ɗaya a wata ba. Akwai waɗanda muka san halin da suke ciki, an sace wa ɗaya kyamara, ɗaya kuma ya sha jinyar mahaifiya, kuma kwamiti ya yafe musu. Ba da su nake ba.

Babban aikin da muka sa a gaba bana, kamar yadda kuka sani, shi ne shigar da membobi kasuwar rumbunan hotuna ta intanet, inda mutum zai ɗora hoto ko gajeren bidiyo sau ɗaya, a ci gaba da sayen izinin amfani da shi shekara da shekaru, kuɗi na shigo masa ko yana barci. Mun ɗauko wannan hanya ne saboda abin da kowa ke gani: wayar hannu ta cinye hoton fasfo da na zaman sutudiyo, aikin biki kuma na lokaci ne, daga an shiga damina ko azumi sai zaman jira. Mutum 19 suka buɗe asusu. Daga cikinsu bakwai ne suka ci gaba da ɗorawa har ƙarshen shekara, biyar kuma sun riga sun cire kuɗi aƙalla sau ɗaya ta Payoneer, wato manhajar karɓar kuɗi daga ƙasashen waje.

Na ji maganar da ake yi a bayan fage, wai kwamiti ya yaudari mutane da dala, an zo an tarar kuɗin goro ne. Wannan magana ta yi mini zafi, domin tun ranar farko an karanta muku lissafin a fili. Rumbun Shutterstock na fara biyan mai hoto kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ciniki, yana hawa mataki-mataki har kashi 40 gwargwadon yawan abin da aka saya, kuma kowace 1 ga Janairu kowa na komawa matakin farko. Mafi ƙarancin abin da hoto ɗaya ke kawowa a can santi 10 ne, wato wajen Naira 150 a canjin bana. Rumbun Adobe Stock na ba da kashi 33 a hoto, kashi 35 a bidiyo, kuma sai kuɗinka ya kai dala 25 kafin ka cire. An kuma gaya muku cewa Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka duk abin da mai saye daga Amurka ya saya, ana cire kashi 30 na haraji ko da ka cike takardar W-8BEN, wato fom ɗin harajin Amurka na wanda ba ɗan ƙasar ba. Babu ɗaya daga cikin wannan da aka ɓoye.

Mutum ya ɗora hoto 20, rabinsu an dawo masa da su saboda dishi-dishi ko tambarin kamfani a jikin rigar wani, ya zauna wata biyu bai ga komai ba, sai ya ce harkar ƙarya ce. Wanda ya dasa mangwaro ba ya zuwa da kwando bayan wata biyu. Rumbunan nan suna ɗauke da hotuna ɗaruruwan miliyoyi, hotonka guda goma allura ce cikin ruwa. Waɗanda suka cire kuɗi a cikinmu babu wanda bai haura hoto 400 ba, kuma sun zauna sun rubuta kalmomin bincike da kyau, wato kalmomin da mai saye ke nemo hoto da su, ba su tsaya ga kalma bakwai da aka ce ita ce mafi ƙaranci ba. Bidiyo kuma ya fi hoto tsoka nesa ba kusa ba. Ɗan guntun da bai wuce daƙiƙa 20 ba ya kawo wa wani ɗan uwanmu abin da hotunansa duka ba su kawo ba a wata uku.

Wannan ya kawo ni ga tafiyar Argungu ta watan Fabrairu, wadda ita ce abin da nake alfahari da shi a duk shekarar, kuma ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kanta.

Mu goma sha shida muka tashi bayan sallar asuba a motar haya guda da mashina uku, muka kwana biyu. Wasu sun ce me za a je yi Argungu ba lokacin bikin kamun kifi ba? Amsar ita ce dalilin tafiyar. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, kuma duk wanda ya rubuta Argungu a rumbun hotuna zai ga abu ɗaya ne ake ta maimaitawa: dubban mutane sun afka Matan Fada da homa da gora, sai wani riƙe da ƙatuwar giwan ruwa. Manyan masu ɗaukar hoto na Legas da na ƙasashen waje sun riga sun cika wannan gurbi da kayan aikin da ba mu da irinsu. Amma su kwana uku suke yi su tafi. Mu ne muke nan sauran kwanakin shekara, mu ne muka san yadda ake gaida Bakabe a ƙofar gidansa.

Dattijonmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi ya shige gaba ya nema mana izini wurin masu unguwa da manyan masunta, don haka ba mu shiga ko'ina kamar ɓarayi ba. Ranar farko mun wuni da masu saƙar homa da masu gyaran gora, da matan da ke bandar kifi. Da yamma muka sauka fadama, shinkafar rani ta yi kore shar, injinan ban ruwa na ta aiki. Hazo ya ɗan dame mu da safe, amma wajen ƙarfe biyar na yamma sai ya zama alheri, rana ta yi ja ta yi laushi, duk wanda ya ɗaga kyamara ya samu abin kirki. A nan ne ƙaramin cikinmu, yaron da bai fi shekara biyu da fara sana'a ba, ya kwanta a kan kunya ya ɗauki hannun wani manomi yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Babu fuska, babu tambari, hannu ne kawai da laka da ruwa. Wannan bidiyo an saye shi sau shida zuwa yanzu. Ranar da na farko ya faɗo ya kira ni wajen sha ɗayan dare, muryarsa na rawa, yana tambaya ko kuskure ne.

Kashegari muka ziyarci Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka gina a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Yawancin matasanmu ba su taɓa shiga ba, ga shi kuwa tafiyar awa guda ce daga shagunansu. Mun ɗauki abin da aka yarje mana, abin da aka ce a bari muka bari. Da dare aka baje kwamfutoci biyu a tsakar gidan da aka sauke mu, kowa ya nuna abin da ya ɗauka, manya na gyara wa ƙanana, ana ta gardama a kan haske har ɗaya saura. Shekarata shida a ƙungiyar nan ban taɓa ganin mun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya kamar wannan dare ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne takardar amincewa. Mun fassara ta da Hausa, muka karanta wa kowane mutum kafin ya sa hannu ko ya dangwala, muka faɗa masa a fili cewa hotonsa na iya fitowa a talla a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba. Wasu sun yarda, wasu sun ƙi, musamman mata, kuma wanda ya ƙi ba a matsa masa ba. Ba tare da wannan takarda ba, hoton da fuska ta fito a ciki ɓangaren labarai kawai zai shiga, ba ya shiga na talla, na yaro kuma sai uba ko uwa sun sa hannu. Amma ko da kamfanonin ba su nema ba, amana ce. Shi ya sa nake sake jan kunne: hoton amaryar da aka biya ka ka ɗauka ba naka ba ne da za ka kai kasuwar duniya. An samu mutum ɗaya ya yi haka bana, kwamiti ya sa ya sauke, kuma ba za a sake rufa wa kowa asiri ba. Haka nan masu bin almajirai da mabarata suna ɗauka don an ce talauci na sayuwa, wannan ba da sunan ƙungiya ba. Daga Argungu kaɗai mun dawo da hoto fiye da 900 da aka karɓa, babu ɗaya da zai sa mai shi ya sunkuyar da kai. Bayan sallah mun koma da hotuna bugaggu muka raba wa waɗanda aka ɗauka.

Sai abubuwan da ba su yiwu ba, waɗanda na san su za a fi tambaya.

Teburin tace hoto na haɗin gwiwa, wato kwamfuta mai ƙarfi da sola da batir, bai samu ba. Kuɗin da muka tsara a kai kuɗin wata ne, kuma kun ji yadda aka biya. Mun sayi batir ɗaya yana nan a shagon Ma'aji a cikin kwalinsa, duk mai shakka ya je ya gani. Da waɗanda ake bi sun biya ko rabi, da tuni an kafa farantan sola, da kuma masu ɗora bidiyo sun daina kwana suna gadin wuta don fayil ɗaya ya hau.

Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ita ma ta tsaya. Doka ta ce sai an buga sanarwa a jaridu biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Takardun amintattu sun kammala tun watan Yuni, kuɗin jarida da na lauya ne babu. Ba sakacin kwamiti ba ne, kuma ba zan karɓi wannan zargi ba.

Tafiyar Yawuri don ɗaukar masu jiragen ruwa a kan Neja, da ta Zuru lokacin bikin Uhola, kwamiti ne ya soke su da kansa saboda halin da hanyoyi ke ciki. Na goyi bayan haka kuma har gobe ina goyon baya, babu hoton da ya kai ran mutum. Ta gonakin albasa na Aliero kuwa babu wani uzuri na tsaro, an sa rana, mutum huɗu ne suka fito tasha, ni na biyar. Shirin naɗar sauti, irin kiɗan kalangu da hayaniyar kasuwa da kukan tsuntsayen fadama, wanda ake sayarwa a rumbun Pond5, ko farawa ba a yi ba, domin wanda ya karɓi aikin da bakinsa a gaban kowa rabonsa da taro tun watan Afrilu.

Akwai kuma masu cewa tunda yanzu kwamfuta na ƙirƙiro hoto da kanta, wahalar banza muke yi. Gaskiya ne kasuwar na sauyawa. Adobe Stock na karɓar irin waɗannan hotuna tun ƙarshen 2022 muddin an bayyana cewa na na'ura ne, kuma a Janairun 2025 Getty Images da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa, abin da zai iya rage wa irinmu zaɓi. Ban raina wannan damuwa ba. Sai dai na gwada da kaina, na ce na'ura ta zana mini masuncin Kabi da homarsa, abin da ta fito da shi ko yaron goye a Argungu ba zai yarda ba. Jarida ko ƙungiyar da ke rubutu kan noman shinkafa a Kebbi hoton gaskiya take nema, kuma abin mamaki, yawancin masu kawo wannan hujja ko asusu ba su buɗe ba.

Ga abin da kwamiti ya yanke. Duk wanda ake bi fiye da wata shida yana da zuwa taron watan Fabrairu ya biya, ko ya zo ya faɗi uzurinsa gaban kwamiti, in ba haka ba za a cire sunansa daga zauren WhatsApp da jerin masu aron ƙafar kyamara da fitilun ƙungiya. Daga yanzu biya ta asusun ƙungiya ne, a tura wa Ma'aji shaida, ni na daina bin shaguna. Wa'adina na ƙarewa a babban taro mai zuwa, kuma na riga na shaida wa Shugaba cewa ba zan sake tsayawa ba, amma ajin rubuta kalmomin bincike na ranar Lahadi bayan la'asar zan ci gaba da shi a shagona ga duk mai so, ya zo da memorinsa da hotuna aƙalla 30 da ya riga ya zaɓa.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya,
Birnin Kebbi.