Kada a riƙa fassara "documentation" da "takardu" kawai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne daga Damagaram a kan wata kalmar Ingilishi da ta kusa raba ɗan ƙanwata da karatunsa.

Ni tsohon mushe ne, Ingilishi na koyar har na yi ritaya. Yanzu zauren gidana a Birni ba ya rabuwa da masu kawo takarda a karanta musu: ɗan kasuwar da aka aiko wa wasiƙa daga Kano, direba, ɗalibi mai neman gurbi. Bara ɗan ƙanwata ya samu shiga wata jami'a a Najeriya. A ƙasan wasiƙar an rubuta ya zo cikin mako biyu don "documentation". Yaron bai nuna mini ba, don yana ganin ya san kalmar. Gaskiyarsa, da Faransanci ya san ta, inda take nufin tarin littattafai da rubuce-rubucen da mai bincike ke dubawa. Sai ya ɗauka zagayen ɗakin karatu za a kai sababbin ɗalibai, ya ce bari ya taya mahaifinsa ɗaurin hatsi tukuna. Da ya isa, an rufe rajista. Sai da aka yi roƙo aka biya tara. Ranar da ya dawo ya shimfiɗa wasiƙar a kan tabarmata, ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya ce, "Kawu, ai ga ta nan, irin tamu ce sak." Na ce masa rubutun ne iri ɗaya, ɗana, aikin daban.

A ofisoshin Najeriya, in an ce wa sabon ɗalibi ko sabon ma'aikaci ya zo "documentation", ana nufin ya zo da ƙafarsa, da takardunsa na asali, a duba, a ɗauki bayanansa, a buɗe masa fayil, abin da mu nan muke kira dosiye. Aiki ne da ake yi wa mutum yana tsaye. Amma in bankin waje ko ofishin jakadanci ya nemi "supporting documentation", to takardun shaida yake so: takardar haihuwa, ta kammala karatu, ta asusun banki. In kuma injin ban ruwa ka saya ko manhajar kwamfuta, kalmar na nufin littafin da ke bayyana yadda ake aiki da abin. Likita ma yana faɗinta, shi kuwa rubuta abin da aka yi wa majinyaci yake nufi. To, duk waɗannan na sha ganin an dunƙule su a jaridu da sanarwar rediyo an ce "takardu". Mai sauraro ya ji takardu, sai ya yi hoton su ya ba direban tasha ya kai masa, alhali shi kansa ake nema.

Akwai ɗan abin nahawu da ɗalibaina suka daɗe suna tuntuɓe a kai. "Document" abu ne da ake ƙirgawa, guda ɗaya ko "documents" masu yawa. "Documentation" kuwa kamar ruwa take ko gero, ba a sa mata "s", ba a sa mata "a" a gaba. Tushensu duka Latin ne, daga "docere", wato koyarwa, shi ya sa har yau ma'anar nuna hujja ke manne da su. Haka "paper": farar takardar da ba a rubuta kome a kai ba, ba ta da jam'i, amma da an ce "papers" an koma takardun shaidar mutum. Direbobinmu masu bin hanyar Matamaye zuwa Daura sun san wata kuma, don ɗan sandan can "particulars" yake cewa in yana son takardun mota.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce "undocumented", da ake faɗa wa baƙin haure a labaran Amurka. Na taɓa jin an fassara ta da "waɗanda ba a san asalinsu ba". Subhanallahi! Mutum yana da uwa da uba da garinsu, takardar izinin zama ce kawai ba ya da ita. Mu da ƴaƴanmu ke ci-rani a Libiya da Aljeriya bai kamata mu yi wa kowa wannan ƙazafi ba.

Abin da ya sa na ga maganar ba ta jira, malam edita, tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan wasiƙun Ingilishi za su ƙaru a hannun mutanen da Faransanci suka karanta, kuma kalmomin da suka yi kama a ido su suka fi yaudara. Hausa ba ta rasa abin faɗa ba. Muna da takardun shaida, muna da rajista, muna da ɗaukar bayanai da adana su, muna da kundi da daftari, muna da littafin bayani. Ita kanta "takarda" masana harshe na cewa daga bakin Buzaye muka karɓe ta, ga shi ta zauna daram har abin da aka rubuta a kwamfuta, wanda bai taɓa ganin tawada ba, takarda muke ce masa.

Roƙona shi ne, duk sanarwar ɗaukar aiki ko ta neman makaranta da za ku buga, mai fassara ya tsaya ya tambaya: mutum ake so ya zo, ko takardu ake so ya aiko? Sai ya rubuta hakan ƙarara, da ranar da za a rufe. In da hali ku ware ɗan fili kowane mako don irin waɗannan kalmomi. Ina da littafi guda cike da waɗanda na tara a aji, a shirye nake in aiko muku.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani tsohon malamin Ingilishi,
Unguwar Birni, Damagaram